Shekarar da Aka Koya Mini Makanta

Asma'u ce ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, don na san halinta, tun tana ƙarama ba a ba ta magana ta mayar da ita yadda aka ba ta. Abin da ya sa na zaunar da ita shi ne zancen da Bashiru ya zo mini da shi ranar sunan ɗansa. Wai wani tsoho a tashar Gusau ya ce masa, “Ai ubanka yana gani, mu muka shaida da idonmu a Bungudu.” Wani kuma ya ce a'a, mantuwa na yi a tsakiyar wasa aka kore ni. To, ku 'ya'yana, duka biyun ba haka aka yi ba. Yadda aka yi ɗin ma ni kaina ban gama gane shi ba har yau, amma dai ni ne a tsakiyar fili, su kuwa kallo suka zo.

Kun san ƙyanda ce ta tafi da idona tun ban isa kiwo ba. Kakarku, Inna, Allah ya jiƙanta, ba da lallashi ta raine ni ba. Idan na yi tuntuɓe da turmi ba turmin take ɗaukewa ba, cewa take, “Jiya ma nan yake.” Da haka na san gidanmu na Tsafe, na san gari, na koyi tufkar igiya wurin ƙanenta, Kawu Ɗanjuma. Da na zama mutum sai na shiga bin kasuwanni da igiyar rama, yau Tsafe, gobe Mada, jibi Bungudu, daga ni sai sandata da kunnena. A kasuwar Bungudu na haɗu da uwarku. Bazawara ce a lokacin, ta dawo gidan ubanta. Ta zo ta tsaya a kaina tana faɗa, wai igiyar da na sayar mata akuya ta cinye. Na ce, baiwar Allah, igiya na sayar miki, ban ce zan yi wa akuya wa'azi ba. Ta yi dariya ta tafi. Daga ranar, duk kasuwa sai akuyar nan ta ci igiya.

Da magana ta yi nisa na tura Kawu wurin ubanta, Malam Bawa, mai awon hatsi a kasuwar. Kawu ya dawo ya zauna a tsakar gida yana ta gyaran murya kamar zai kira salla.

“Mi ya ce?” in ji Inna.

“Cewa ya yi a yi haƙuri. Wai lalube ya yi wa ɗiyar ga yawa.”

“Shi ke nan abin da ya ce?”

“Shi ke nan. Ya tashi ya shige gida.”

Nan gida ya kaure. Inna ta ce ai magana a fili take, idona yake nufi, kuma ita ɗanta bai taɓa lalube ba tun da ta yaye shi, wanda ya ce yana lalube ya zo ya gani. Kawu ya ce a'a, Hausa ce ba ta gane ba, mai lalube shi ne wanda bai tsaya wuri ɗaya ba, yau wannan kasuwa gobe waccan, ba rumfa ba gona. Suka yini suna jayayya a kaina ina zaune, ba wanda ya tambaye ni. Da kasuwa ta zagayo na tambayi uwarku da kaina, me ubanki yake nufi? Ta kau da zancen. Na sake tambaya, sai na ji muryarta ta canza, ta ce in bar ta, ba ta da bakin faɗa. Wallahi ranar ban san yadda na haɗa kayana ba. Ina son matar nan, kuma an rufe mini ƙofa da kalmar da ban san ma'anarta ba.

Ana cikin haka wani malamin firamare, Malam Lawali, ya same ni a tashar Gusau. Yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo, shi da wasu samari, kuma ma'aikatan lafiya sun roƙe su su yi wasa a kan allurar rigakafin ƙyanda, don a lokacin iyaye da yawa suna ɓoye yara. Labarin wasan gajere ne. Uba ya hana a yi wa ɗansa allura, ƙyanda ta makantar da yaron, ya girma ya zama abin tausayi. Sunan makahon Na-Allah. Za a yi a Gusau, a yi a Tsafe, a rufe a Bungudu. Lawali ya ce ya gaji da sa masu ido suna rufe ido, yana son makaho na gaskiya. Da na ji Bungudu sai na gyara zama. Na ce a raina, to ga hanya, Malam Bawa zai gan ni tsaye gaban jama'a ina magana ana saurare, ya san ba kowane makaho ba ne a gefen hanya. Ban ko yi shawara da Inna ba na ce na yarda.

Wasan Gusau bayan la'asar aka yi shi, a filin wata makaranta. Tun da safe na zagaya filin, na san inda tabarma take, na san inda aka ɗaure jakin da aka aro, na san inda tukunyar koko take. Da lokaci ya yi na shigo, na faɗi maganata, na zauna inda ya kamata, na tashi na fita. A ganina na yi daidai. Amma ban ji dariya ba, ban ji salati ba, sai surutun masu gyaɗa. Da aka watse na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, “Wanga bai iya makaho ba, gara na bara.” Na tsaya cak. Ni? Ni da na fi shekara ashirin ina abin nan ba hutu?

Lawali ya ja ni gefe. Mutum ne mai kunya, sai da ya yi ta kewaye-kewaye.

“Malam Garba, don Allah kada ka ji haushi. Ba ka yi kama da makaho ba.”

“To da wa na yi kama?”

“Ka yi kama da... mutum kawai.”

Na ce, to madalla, ai ban san laifi ba ne. Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya ce in duba, mutanen nan sun zo ne su ji tsoro. Idan uwa ta ga Na-Allah yana tafiya garau, yana zama garau, me zai sa ta ɗauki ɗanta ta kai a soka masa allura ya kwana yana kuka? Ya ce ƙanwarsa ƙyanda ce ta kashe ta, kuma da uwarsu ta taɓa ganin abin da ya firgita ta, wataƙila da tana nan da ranta. Ni ma da an yi mini allurar nan, da ban san sanda ba.

To nan fa aka shiga koya mini makanta. Ku yi dariya idan kuna so, ni ma yanzu ina yi. Samari masu ido tangararan sun kewaye ni, kowa yana gyara ni. Wannan ya ɗaga mini haɓa sama, wai makafi sama suke kallo. Wancan ya ce in riƙa kaɗa kai. Aka ce in miƙa hannu biyu gaba ina shafa iska, in ja ƙafa, in sa murya ta yi rawa. Aka ƙara wurare biyu a wasan. Na farko in tsoma hannu a tukunyar koko in yi ihu. Na biyu, wanda Lawali ya fi so, in zo gaban jaki in durƙusa in ce, “Ranka ya daɗe, mai gari.” Na ce, Malam, jaki fa! Wane makaho ne bai san warin jaki ba tun daga nesa? Ya ce ya sani, amma jama'a ba su sani ba. Duk sanda na manta na miƙe na yi tafiyata, sai in ji ya tafa hannu yana cewa, “Lalube, Malam Garba, lalube!” Kalmar da ta hana ni aure ita ce ake tafa mini hannu a kanta. Har na fara tambayar kaina, shin sauran makafi haka suke, ni ne na fita daban? Ai ban taɓa ganin makaho ba. Su ne suka gani.

A Tsafe, garinmu, ranar kasuwa, na yi musu yadda suke so. Na shafa iska, na ƙone a koko mai sanyi, na durƙusa wa jaki. Fili ya ɗauka! Yara har faɗuwa suke don dariya. Da aka zo ƙarshe, inda Na-Allah yake tambayar ubansa me ya sa ya hana a yi masa allura, sai dariya ta koma salati, na ji mata suna jan hanci. Kafin a naɗe tabarma an yi layi gaban ma'aikatan lafiya, Lawali ya rungume ni yana cewa in ji kukan jarirai, wai wannan kukan ni na jawo shi kuma alheri ne. Kuma gaskiyarsa, alheri ne. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ban taɓa jin jama'a sun bi muryata haka ba.

Da na koma gida na yi sallama, Inna ba ta amsa ba. Ina jin ta tana tankaɗe. Na sake yi.

“Wa ke nan?” in ji ta.

“Ni ne, Inna.”

“A'a. Ɗana ya san jaki.”

Ba ta ƙara ba, ba ta yi faɗa ba, ta ajiye mini tuwo a inda take ajiyewa kullum. Na fi son da ta zage ni. Washegari a hanyar masallaci yaran da suka saba gaishe ni suka bi ni suna “ranka ya daɗe, mai gari.” Wani dattijo da muke gaisawa shekara da shekaru ya kama hannuna zai tsallakar da ni kwatar da nake tsallakewa tun ina yaro. Tsofaffin makafin garinmu suka aiko mini da cewa sun gode, yanzu ko ruwa suka roƙa sai an tambaye su ko sun gai da jaki. Sai kuma Kawu ya kawo wanda ya fi duka. Ya ce Malam Bawa ya zo cin kasuwar Tsafe ranar, an gan shi a sahun gaba, kuma bai kai ƙarshen wasa ba ya tashi.

Saura Bungudu. Idan na tuna layin matan nan sai in ce Lawali ne da gaskiya. Idan na tuna muryar Inna sai in ce a'a. Idan na tuna uwarku sai komai ya dagule, don ban san wane lalube ubanta yake gudu ba, na hannu ko na sana'a, kuma ga shi na haɗa masa duka biyun na kai masa har gabansa. Na shiga mota zuwa Bungudu ban yanke komai ba. Kada wani ya gaya muku na shirya abin da na yi. Ban shirya ba.

A filin kusa da kasuwa aka yi, bayan la'asar, rana ba ta yi sanyi ba tukuna. Na shigo ina shafa iska kamar yadda aka koya mini, aka fara dariya. Na wuce koko lafiya. Na nufi jaki, na kai hannu, sai hannuna ya sauka a kan igiyar wuyansa. Tufkata ce. Na san ta kamar yadda na san muryoyinku, don ni nake mayar da bakin igiya ciki yadda ba ya warwarewa. Wato mai jakin nan yana cikin taron, ya san ni, ya taɓa tsayawa gabana ya yi ciniki da ni kamar mutum da mutum. Gwiwata ta ƙi lanƙwasawa. Na ji Lawali daga gefe yana raɗa, “Durƙusa! Lalube!” Sai na sauke haɓata, na miƙe, na shafa bayan jakin, na ce da muryata ta kullum:

“Wanga jaki ne. Kuma igiyar ga ni na tufka ta.”

Fili ya yi tsit. Na kwance jakin, na ja shi na kai inuwa na ɗaure, don tun ɗazu nake jin yana haki a rana. Na dawo na zauna daidai kan tabarma. Wanda yake yin uban Na-Allah ya rikice, ya faɗi maganar da ba wurinta ba. Sai wani ya ɗaga murya daga baya, “Wallahi yana gani!” Wani ya ce ƙarya ne, ya san ni, makaho ne tun yana yaro. Wani ya ce to ai shi ne gwanin, mai ido ne yake kwaikwayon makahon da ke kwaikwayon mai ido. Gardama ta tashi, aka manta da ƙyanda sam. Na faɗi maganar ƙarshe, wadda ta sa mata kuka a Tsafe, ba wanda ya ji ta. Ma'aikatan lafiya suka zauna da akwatinsu, 'yan tsirarun mata suka je.

Lawali bai zage ni ba. Yana naɗe tabarma ya ce, “Ka kyauta wa kanka, Malam Garba. Yaran Bungudu fa?” Daga baya ya sa wani saurayi mai ido a wurina, aka ce ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, suka zagaya ƙauyuka ana ta kai yara. Shekaru bayan haka, duk sanda na ji an ce ga wani yaro a wajen Bungudu ƙyanda ta taɓa masa ido, sai in tambayi shekarunsa. Uwarku ta ce in bar wannan lissafi, ba ni na saukar da ciwo ba. Na sani. Amma ina tambaya.

Ina tsaye a bakin fili ban san inda zan nufa ba, sai na ji muryar uwarku kusa da ni. Ta ce Baba yana kira. Wanda kake neman ɗiyarsa ba ya kiranka da kansa, sai dai ya aika wa manyanka. Na bi ta har zauren gidansu, ta juya ta bar mu. Na durƙusa na gaishe shi. Na ji ya kai hannu zai ɗauki buta, hannun ya bugi bango, ya shafa ƙasa, ya shafa, sannan ya same ta. Na san wannan sautin. Ni ma na yi shi, tun ina ƙarami ƙwarai, kafin Inna ta hana ni.

“Ka ji ko?” in ji shi.

“Na ji, Baba.”

“Tun bara nake ganin hayaƙi. Na tafi asibiti Gusau, sun ce jijiya ce, ba ta dawowa. Mudu ma yanzu da hannu nake jin ya cika. Ba wanda ya sani sai ita, kuma na sa ta rantse.”

Sai a lokacin maganar ta faɗo mini. Ba sana'ata yake nufi ba, ba ma idona kaɗai ba. Kansa yake nufi. Yana ganin zai zama kaya a wuyan ɗiyarsa, ga kuma wani kayan ya zo neman aure. Ya ce ya je Tsafe ne don ya ga abin da ke jiransa. Ya matsa sahun gaba don daga nesa ba ya gane komai. Ya ga mutum ya durƙusa wa jaki jama'a suna dariya, ya tashi ya fita, ya kwana uku bai iya cin abinci ba, yana roƙon Allah ya ɗauki ransa kafin ya kai nan. Yau kuma ya ga wani abu daban, a jikin mutum ɗaya.

“To ka gaya mini tsakaninka da Allah,” in ji shi, muryarsa tana rawa, ba irin rawar da aka koya mini ba. “Wanne ne nawa? Na Tsafe ko na yau?”

Na so in ce na yau, in sami mata. Amma dattijo ya haɗa ni da Allah. Na ce, Baba, jaki dai ba za ka taɓa gaishe shi ba, wannan ƙarya ce muka yi. Amma shekarar farko za ka yi lalube, za ka bugi bango, za ka zubar da ruwa, za ka yi kuka inda ba mai jinka. Bayan nan sai gida ya dawo maka, sai hanya ta dawo, idan ba a riƙa ɗauke maka turmi daga inda yake ba. Na ɗauka na kashe aurena da bakina. Can sai ya ce masallaci ne damuwarsa. Ba ya son a riƙa jan hannunsa zuwa salla kamar akuya.

Kayana suna tasha. Na je na ɗauko igiya mafi tsawo da nake da ita, na ɗaura bakinta a ƙofar zaure, na bi da ita jikin katanga har ƙofar masallacin unguwa, na yi ƙulli a inda kwata take, na yi wani a inda ake karya kwana. Na dawo na kama hannunsa, hannun da ko gaisawa ban isa in yi da shi ba, na ɗora a kanta. Na ce ya rufe ido gaba ɗaya, don ɗan hayaƙin nan shi ke ruɗa shi. Ya tafi a hankali, ina bayansa ban taɓa shi ba. Ya tsaya a ƙullin farko, ya tsallake kwata. Ya kai ƙofar masallaci daidai ana kiran magariba. Bai juyo ba, yana riƙe da bakin igiyar ya ce:

“Ka ce wa kawunka ya dawo.”

Igiyar nan kun san ta. Ita ce ta jikin katangar gidan kakanku, wadda kuke lilo da ita kuna yara ina yi muku tsawa, wadda matan unguwa suke shanya a kanta. Duk shekara ni nake sabunta ta, ko bayan da ya daina bukatarta, don bai yarda a cire ba har ya rasu. Asma'u ta tsaya da rubutu, wai ita duk zamanta ta ɗauka ta shanya ce. Rubuta, ɗiyata. Ba ta shanya ba ce.